Shekarar da Shamuwa Ta Yar da 'Ya'yanta

Ina wanke tukunya a gindin tsamiyar gidanmu, hantsi ya ɗaga, sai na ji tim a bayana, kamar malmalar tuwo ta suɓuce daga hannu. Na waiga. Ɗan shamuwa ne kwance a ƙasa, gashi bai gama rufe masa jiki ba, bakinsa a buɗe. Na ɗaga kai. Uwar tana tsaye a bakin kwando tana gyara fiffike. Na ce a raina zamowa ya yi. Na goge hannu da zani, na tafi ɗauko tsani.

Ni mai fara ce. Ƙauyenmu yana ƙasar Durum. Tun ina budurwa nake kamun fara da kaka, bayan an yanke hatsi. Mu fita da sanyin safiya, lokacin da raɓa ta danne mata fikafikai, mu kakkaɓe geza da sabara, mu kwashe a buhu. A gida a tafasa ta da gishiri, a shanya, a cire ƙafafu. 'Yata da ke aure a Damagaram ita ke soyawa da mai da yaji, tana sayarwa a bakin kasuwa.

Ba mu kaɗai ke jiran fara ba. Zabi suna ci. Balbela tana ci, da cilakowa, da bushiya, da ƙadangare. Amma babbar mai ci ita ce shamuwa. Tana zuwa da bazara, kafin ruwa, ta yi sheƙa cikin gari, ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe daidai lokacin da ɗango ke cika ciyawa. Ɗango shi ne 'ya'yan fara da ba su yi fiffike ba. Da shi take renon nata 'ya'yan. In ruwa ya ɗauke ta kwashe su ta yi kudu.

A garinmu ba a kashe shamuwa, ba a taɓa ƙwanta. Gidan da ta zaɓa ana yi masa barka. Shi ya sa marigayi maigidana yake ɗaura tsohon kwando a reshen tsamiya duk bazara, don ta samu wurin aza kiraren sheƙa. Da ya rasu, ni na ci gaba da ɗaurawa. Ba wanda ya sa ni. Kwandon ne ya saba da wurin, ni kuma na saba da hawa.

Fara ba ta yin shekara biyu iri ɗaya. Wata shekara ta yi kaɗan, sheƙa ta fitar da 'ya'ya biyu. Wata shekara ta yi daidai. Shekarar da ta gabaci wadda nake faɗi kuwa, ta yi yawan da ban taɓa gani ba. In ka taka ciyawa sai ta tashi ta buge ka a fuska. Zabi suka yi ƙiba har tashi ya gagare su. Kukar bayan lakwal, makarantar bokon garinmu, ta cika da sheƙa, haka gawon bakin rijiya, haka tsamiyar masallaci. Kwandona ya fitar da huɗu, duk suka tashi. Da kaka muka kwashi fara har buhuna suka ƙare, muka koma ɗaurewa a zannuwa.

Sai shekarar da ta biyo baya.

Ruwa ya sauko da wuri, babba guda ɗaya, tun bazara ba ta nuna ba. Mutane suka ruga suka yi shuka. Ƙwan farar da ke binne a ƙasa ya fashe, ɗango ya fito baƙi ƙirin kamar an watsa riɗi. Daga nan sama ta rufe. Wata guda da kwanaki ko ɗigo. Ciyawar da ta tsiro ta ƙone, shuka ta ƙone, ɗango ya rasa abin ci ya mutu a kan yashi. Na gan shi a ramukan sawun shanu, busasshe, iska tana juya shi.

Da ruwan gaskiya ya zo aka sake shuka. Ciyawa ta tashi shar, kyakkyawa. Wata safiya na bi ta cikinta zan je gayaunata, ta kawo mini gwiwa. Na yi tafiya mai nisa kafin in lura da abin da ke damuna. Ba abin da ke tsalle a gabana. Na tsaya. Na shuri ciyawar da ƙafa. Na sake shuri. Na sunkuya na buɗa ta da hannu biyu, na duba har ƙasa. Babu. Shekaruna sun haura sittin, ban taɓa ganin ciyawar damina shiru ba.

A hanyar dawowa na haɗu da ƙanin maigidana, gidansa yana jikin namu. Tsoho ne shi ma, gwiwa ɗaya ta lalace, amma bakinsa lafiya lau. Tun ina amarya muke wasa da shi.

Ya ce, "Matar yaya, wa ya mutu? Fuskarki kamar an kwance miki akuya."

Na ce, "Babu fara a daji."

"Alhamdu lillahi! Allah Ya ƙara nisanta mu da ita. Bana sai mu ci hatsinmu mu kaɗai. Ke kuma sai ki nemi sana'ar mutane, ki bar tsintar ƙwari."

"Da ƙwarin nan aka biya maka maganin gwiwa, malalaci."

"Gwiwar ta warke ne?" Ya wuce yana ɗingishi yana dariya.

Bai yi ƙarya ba, hatsi ya samu lafiya. Amma na soma ganin abubuwa. Zabina suka rage ƙwai. Balbela ta bar bin shanu, ban san inda ta tafi ba. Shirwa ta dame mu da ɗaukar 'yan tsaki, a yini sai ta kawo farmaki sau uku. Bushiya ta riƙa shigowa har madafa da rana tsaka tana laluben ƙanzo.

Shamuwa kuwa ta riga ta yi ƙwai tun ruwan farko. Huɗu ta yi a kwandona, kamar bara. Duka huɗun suka fashe. Uwa da uba suna fita kiwo bi da bi. A da, kafin in gama daka, ɗayansu ya je ya dawo da wuya cike. Bana sai ya fita da safe, ba ya dawowa sai la'asar. Masu zuwa cin kasuwa suka ce suna ganinsu har fadamun wajen Gafati. In ya dawo ya sunkuyar da wuya zai amayo musu abinci, sai tsutsa ɗaya ta faɗo, ko buzuzu. Bakuna huɗu su yi kanta.

Ranar da na ji tim ɗin nan ke nan. Na sa ɗan a ƙwarya, na jingina tsani, na hau. Uwar ta matsa zuwa wani reshe. Na ajiye shi tsakiyar 'yan'uwansa. Shi ne ƙaraminsu, da ganinsa. Na soma sauka. Ban kai rabi ba ta dawo bakin kwando. Na tsaya ina kallo, tsakanina da ita bai fi tsawon taɓarya biyu ba.

Ta dubi 'ya'yan. Ta sa baki ta kama shi a wuya. Ta girgiza shi. Ta ɗaga shi ta miƙa wajen kwando, ta riƙe ɗan lokaci, ƙafafunsa suna rawa a iska. Ta saki.

Ya wuce ta gefen kunnena.

Ban yi salati ba, ban yi ihu ba. Na ƙanƙame tsani. Ita kuwa ta koma ta buɗe fikafikai ta yi wa ukun inuwa, kamar yadda take yi kullum in rana ta yi zafi.

Na haifi tara, na binne biyar. Ba na kuka a kan mutuwa, na daɗe da bari. Amma akwai wata shekarar yunwa, tun ina da ƙuruciya, da muka ci anza da dusa. Ina goyon tagwaye, mata. Nono ɗaya ya ƙafe, ɗayan yana kawo kaɗan. Uwar mijina ta shigo ɗaki ta tsaya a kansu, ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Riƙa somawa da mai ƙarfin." Ta fita. Haka na yi. Kullum babbar ce farko, ƙaramar ta tsotsi abin da ya rage. Ba ta kai arba'in ba. Babbar ita ce mai suyar fara a Damagaram. Ban jefa kowa daga ko'ina ba. Amma na san wadda hannuna yake ɗauka da farko. Shekara da shekaru ban tuna ba, sai a kan tsanin nan.

Na sauko. Yana da sauran rai, tulin ganyen da na share ne ya tare shi. Na kai shi ɗaki na sa a masaki, na shimfiɗa masa tsumma. Na ce wannan ba zai mutu ba.

Kuma ina da abin ba shi, ni kaɗai a garin. Akwai sauran farar bara da na adana a tulu, na toshe baki da laka. Na fasa lakar. Na ɗebi tafi guda na jiƙa a ruwan ɗumi har ta yi laushi, na buɗe masa baki na tura. Ya haɗiye. Ya miƙo wuya. Na ƙara. Ya ci har maƙoshinsa ya yi tulu. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na leƙa waje na dubi tsamiya, na ce wa uwar a raina, ke kin kasa, ni ga shi.

Washegari ya ƙi farar, sai ruwa. In na ɗiga masa sai ya sake buɗe baki. Ya sha, ya sha, bai ƙoshi ba. Na ce ko ƙarfi ne ya rasa, na sake tura masa fara. Da la'asar ƙafafunsa suka soma karkarwa, wuyansa ya juye baya. Kwana na uku da hantsi ya mutu a cikin masakin.

Ina zaune da shi a ƙofar ɗaki ƙanin maigidana ya shigo aron gatari. Ya ga gawar, ya ga ƙwaryar jiƙon fara a gefe.

"Da wannan kika ciyar da shi?"

"Da me zan ciyar da shi? Da tuwo?"

Ya ɗauki ɗaya ya jefa a baki. Ya tauna sau biyu, ya tofar.

"Matar yaya, wannan ai gishiri ne zalla. Ke kin taɓa ganin shamuwa ta sauka layin masu gishiri a kasuwa?"

Ya so ya yi dariya, da ya dubi fuskata sai ya fasa.

Na ɗauki ɗaya na sa a harshe. Gishiri. Ni na zuba shi da hannuna bara, har na ƙara don ta daɗe ba ta lalace ba. Shekara arba'in da wani abu ina tafasa fara da gishiri, har a kaina fara da gishiri sun zama abu ɗaya. Na manta cewa wadda ke tsalle a daji ba ta da shi. Uwarsa ta jefo shi sau biyu bai mutu ba. Ni na kashe shi, da abinci, ina murna.

Na yini ban ci komai ba.

Da na fita ɗiban ruwa kashegari, na ga ba gidana kaɗai ba ne. A gindin gawon rijiya akwai biyu, hankaki suna ja. A gindin kukar lakwal na ƙirga biyar na daina ƙirgawa. Mata suna wucewa da tuluna suna kauda kai. Wata ta ce annoba ce ta tsuntsaye. Wata ta ce fushi shamuwa ta yi da garin, a yi sadaka. Aka yi sadakar gumba ranar Juma'a. Jifan bai tsaya ba. Ni na san ba fushi ba ne. Na ga wuyan da suke dawowa da shi.

Bayan kwana huɗu na sake jin tim.

Wannan ya fi na farko girma, baƙin gashi ya soma fito masa a fiffike. Ya faɗa kan ganyen, don tun ranar ban kwashe ba, ƙarawa ma na yi. Ban mayar da shi ba. Ban ko ɗaga kai na dubi uwar ba. Na kai shi masaki, na ɗauki tulun farar bara na kai rumbu na rufe, kada hannuna ya yi kuskure.

Sai neman abin da yake da rai. Na yi dabarar da muke yi wa 'yan zabi: a cusa busasshen kashin shanu da kara a tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kifa a bakin suri, da safe a tarar gara ta cika ta. Na kifa uku. Ya lashe garar tukunya uku kafin in miƙe tsaye, ya buɗe baki. Na tafi kududdufin bayan gari na shiga laka har cinya ina kamun ƙananan kwaɗi. Na kafa tarkon ɓera a rumbu, abin da ya kama in yanyanka masa. Tun safe har azahar neman cikinsa nake. A lokacin na san abin da uwar take fama da shi. Ni baki guda kawai nake ciyarwa, ina da hannu biyu da tukwane, kuma da ƙyar.

Ƙanin maigidana ya sa masa suna autana. Kullum sai ya leƙo ta kan zana.

"Ina autanki? Ya soma cewa Inna?"

"Ya fi ka amfani. Shi in ya ci yana girma."

"To ga wannan, kada a ce baffansa marowaci ne." Sai ya jefo ƙunshin ganye. Gwazarma ce, fararen tsutsotsin nan masu ƙiba da ke cikin juji. Da gwiwar tasa yake zuwa ya tono. Bai taɓa fashi ba, kuma bai taɓa bayarwa ba tare da baƙar magana ba.

Gayaunata ta sha wuya. Noman farko na yi shi rabi da rabi, maimai kuwa ban yi ba sam. Ciyawa ta haɗiye gyaɗar. Ranar kasuwarmu 'yata ta zo a mota daga Damagaram don ta karɓi sauran farar, masu saye sun dame ta. Ta bi ta gonar kafin ta shigo. Ta tarar da ni ina yanka kwaɗo, autan nawa kuma yana tsaye a gabana, ya kawo mini gwiwa, yana rusunawa yana kaɗa kai.

Ta ajiye jaka. "Inna, mene ne wannan?"

"Shamuwa."

"Na ga shamuwa. Gonarki ta zama daji, ke kina nan kina kiwon abin da ko ci ba a yi?"

"Na sani."

"An ce uwarsa ce ta yar da shi."

"A gabana."

"To ke kin fi ta sanin ɗanta ne? Ita da ta haifa ta ga ba za ta iya ba. Ai ba mugunta ba ce, Inna, dole ce. Da ta riƙe duka, da duka sun mutu."

Na ajiye wuƙa. Mace ce ƙaƙƙarfa, doguwa, damatsanta kamar na mai sussuka. Na dubi damatsan nan. Ta ga ina kallonta, ta ce, "Lafiya?" Na ce lafiya, ta je rumbu ta ɗauki tulun farar gaba ɗaya. Ta tafi tana mita. Kafin ta shiga mota ta ba wa masu noman ƙwadago abin da ta ba su, suka nome mini rabin gyaɗar. Ita ma haka take, bakinta daban, hannunta daban.

A kwando biyu suka rage. Ɗaya ya mutu a ciki da kansa. Ɗaya ya tashi. Cikin huɗu ke nan. A garin duka, 'ya'yan da suka tashi a shekarar ba su cika yatsun hannu biyu ba.

Nawa ya rayu. Gashi ya rufe shi, baƙi a baya, fari a ciki. Amma ga wata sabuwa: bai san shi tsuntsun sama ba ne. Yana bina a ƙasa kamar kaza. In na shiga madafa ya tsaya a ƙofa. In ya buɗe fikafikai, iyakarsa ya yi tsalle ya hau turmi. Hatsi ya nuna, ruwa ya soma ja baya, shamuwoyi suka soma taruwa a filin gabas da gari. Da hantsi sai su hau iska suna kewayawa, sama, sama, su sauko. Shirin tafiya ke nan. In suka tafi suka bar shi, ya mutu. Kududdufi zai ƙafe, ba kwaɗo, ba tsutsa, ga sanyi, ga karnuka.

Na hana shi abinci kwana biyu. Na ɗauke shi na kai filin, na ajiye kusa da 'yan'uwansa, na juyo. Kafin in kai rijiya yana bayana, taka-taka, mata suna riƙe ciki don dariya. Na kore shi da zani. Ya matsa, ya dawo.

Ƙanin maigidana ya ce, "Muddin yana ganin ƙafarki a ƙasa ba zai tashi ba. Ke ce uwarsa, ke kuma ba kya tashi. Sai dai a sako shi daga sama."

Na ce, "Rufe mini baki."

Ya rufe. Na kwana biyu ina neman wata hanya, ban samu ba. A filin kuma shamuwoyi kullum raguwa suke.

Rana ta uku na kira ƙanin maigidana ya riƙe mini tsani. Hantsi ne, iska ta soma ɗumi. Na goya tsuntsun a zani na hau har bakin kwando. Kwandon fanko, sai kashi da gashi. Na kwance shi na riƙe da hannu biyu. Ina jin zuciyarsa tana bugawa a tafina. Na miƙa shi waje. Ƙafafunsa suna rawa a iska. Na dubi ƙasa, sai ga daidai wurin da nake wanke tukunya.

A nan na ga inda nake tsaye, da abin da nake shirin yi. Na ci gaba da riƙe shi.

Daga ƙasa ya ce, "Saki mana, matar yaya. Gwiwata ba ta haya ba ce."

Na saki.

Ya faɗi. Ya buɗe fiffike ɗaya, ɗayan bai buɗu da kyau ba, ya bugi jinkar rumbu, ya gangaro, tim. Na rufe ido. Da na buɗe, ya miƙe. Ya kakkaɓe jiki. Ya tako har gindin tsani ya ɗaga kai yana kallona, ya rusuna yana roƙon abinci.

Saura kaɗan in faɗo. Ƙanin maigidana ya ce, a hankali wannan karon, "Sauko haka nan. Ya isa. Mu bar wa Allah."

Na sauko. Na ɗauke shi. Na sake goya shi, na sake hawa.

Wannan karon ban yi sauri ba. Na zauna a reshe na jira. Cinyoyina suka yi tsami, mai riƙon tsani ya gaji da zagi ya yi shiru. Can sai ga uku sun taso daga wajen rijiya, ƙasa-ƙasa, za su filin. Na ji ya miƙe wuya a hannuna yana kallonsu. Da suka zo saitin tsamiya na tattara ƙarfina na wurga shi wajensu, ba saki ba, wurgi.

Ya yi ƙasa. Ya yi ƙasa har na ce zana zai buga. Sai fikafikan suka buɗe duka biyu, suka kama iska. Ya wuce kan zana da kamar taki ɗaya. Ya karkace hagu, ya gyara. Ya bi bayansu yana bugun iska kamar mai koyon iyo, ya wuce kukar lakwal, na daina ganinsa.

Ƙanin maigidana ya saki tsani ya ɗaga hannu biyu yana kabbara, ni kuwa ina sama. Na ce, "Riƙe, ɗan banza, ka kashe ni!"

Da la'asar na je bakin filin na tsaya daga nesa, bayan wata aduwa, kada ya gan ni. Suna nan suna kiwo. Ban iya bambanta shi ba. Bai dawo gida ba ranar. Gwazarmar da baffansa ya kawo kaji suka cinye. Bayan kwana biyu filin ya zama wayam.

Da kakar shekarar muka fita kamun fara mu shida da buhuna. Muka dawo da abin da bai cika ƙwarya ba. Ba mu sake fita ba.

Shekarar da ta biyo, fara ta dawo. Daga ina, ban sani ba. Ta faɗa wa hatsi yana madara. Shamuwa kuwa sheƙa uku kawai ta yi a garin duka, gawon rijiya ko ɗaya. Ba mai tsince ɗango. Ƙanin maigidana ya rasa rabin gonarsa. Da bazara ta kewayo sai ga shi da tsohon kwando a hannu, wai in ara masa tsani. Na ce ya nemi sana'ar mutane. Na ba shi.

A kwandona an yi huɗu a shekarar farar, huɗun suka tashi. Ko uwar da ta yi jifa ce, ko wata, ban sani ba. Na gan ta da rana tsaka ta buɗe fikafikai a kansu, tana ɗiga musu ruwa daga bakinta ɗaya bayan ɗaya, har da ƙaramin. Na daɗe ina kallonta. Nawa kuma ko ya kai kudu, ko yana cikin masu dawowa, ba alama a jikinsa da zan gane.

Tun daga lokacin, duk kakar da aka samu fara ina ware tiya biyu in tafasa da ruwa zalla, in shanya, in toshe a tulu daban. 'Yata ta taɓa buɗe shi ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska.

"Inna, wannan kin manta gishiri. Wa zai saya?"

Na ce ba ta sayarwa ba ce, ta mayar ta rufe.